Lambobin Motar Magaji

Gazawa, farkon damina

Zuwa ga ɗiyata Rufaida, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Sharifu. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An yi ruwan shuka, kowa ya tafi gona, gari ya yi tsit. Ni ban shuka komai ba bana, na ba maƙwabci aron gonar. Tun rasuwar matata Tani abin da nake ci kaɗan ne.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ce, ko an kira ba na jin magana. Shi ya sa na ba Lurwanu, direban bas ɗin Damagaram, ya kawo maki, tunda ta bakin rumfata yake wucewa.

Maganar motar Magaji ce. Kin san shi, mai jigilar 'yan kasuwa daga nan zuwa Agiye da Maraɗi har Gidan Rumji. Ya sayar da tsohuwar ya sayo wata ta hannu daga Kwatano, irin na yanzu marasa karburato. In tana gudu lafiya lau. Da ya ɗage ƙafa daga totur sai ta kama rawa, sitiyari na karkarwa, wani lokaci ta mutu. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Na canza buji, na canza matatar esansi, wato fetur, na wanke abin da ke wankuwa. Tana nan yadda take.

Rufaida, Magaji ne kaɗai ya rage cikin masu kawo mini mota. Sauran duk sun koma Maraɗi wajen masu na'ura. Abin da ke zuwa rumfa yanzu sai babur da injin ban ruwa. Ke da kika fara riƙe sifana a rumfar nan bayan rasuwar uwarki, kika je lakol kika karanci motocin zamani, ki gaya mini inda zan duba.

Kawunki,
Mumuni

*

Yamai

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya kaɗaici? Sharifu yana gaishe ka. Da Lurwanu ya miƙo mini takarda a tasha na gane rubutunka tun ban buɗe ba, sai da na nemi wuri na zauna. Tun azumi nake kiranka, tana shiga ba a ɗauka, har na fara tunanin ko wani abu ne. Ashe waya ce. Zan aiko maka da wata.

Ga wata 'yar na'ura nan cikin kwali, tawa ce ta da, amma tana aiki. Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwar direba, za ka ga bakin da take shiga.

Motar nan tana da ƙwaƙwalwa, ita ke yin aikin da kake yi da sukudireba a jikin karburato. A bututun hayaƙi akwai wani ɗan ƙarfe mai waya, sondi muke ce masa. Aikinsa sunsunar hayaƙi. In ya ji iska ta yi yawa sai ya gaya wa ƙwaƙwalwa ta ƙara esansi, in esansi ne ya yi yawa ta rage. Wannan gyaran da take yi shi na'urar za ta nuna maka. Layin da aka rubuta ST gyaran nan take ne, za ka ga yana ta tsalle-tsalle. Na LT kuwa wanda ta daɗe tana yi ne har ta riƙe shi a ka. Mota mai lafiya lambarta ba ta nisa da sifiri, in ta wuce goma akwai magana.

Ka bari inji ya yi zafi. Ka rubuta mini LT tana tsaye. Sannan Magaji ya taka totur allura ta kai dubu biyu da ɗari biyar ya riƙe a nan, ka sake rubutawa. Ka duba kuma ko lambar sondi tana hawa da sauka ko ta daskare wuri ɗaya.

Na san kai da kunne kake gyara. Muna yara mota na tahowa daga nesa kake faɗin ciwonta, ta iso a buɗe a tarar haka ne. Amma Kawu, kunnenka ba zai yi maka aiki ba yanzu, sai dai ka haƙura ka koma ga ido.

Ka ari wayar wani ka kira ni mana, ko gaisawa mu yi.

Ɗiyarka,
Rufaida

*

Gazawa

Rufaida,

Na ga saƙo. Lafiya lau.

Tana tsaye, LT - 23
An taka totur, LT - 5
Sondi - yana hawa yana sauka

Kada ki wahalar da kanki da sayen waya.

Mumuni

*

Yamai

Kawu,

Ina gaisuwa. Na juya takardar nan ko akwai rubutu a baya, ban ga komai ba. Ko Sharifu ba ka ce a gaishe shi ba. Na ce masa wataƙila Lurwanu ne ya tsaya maka a ka yana sauri.

Lambobin sun yi magana. Ragin ashirin da uku ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwaƙwalwa tana ta janye esansi ke nan, don yana shigowa fiye da yadda ta nema. Tunda abin yana raguwa in an taka totur, ɗigo ne kaɗan kaɗan, wanda ba ya damun inji sai yana tsaye. Na fi zargin enjekta, masu fesa esansin nan, ɗaya ba ta rufewa sosai. Ka ciro su ka ɗora a kan tsumma, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, ka ga mai ɗiga. Ka wanke su duka. Kada ka bari kowa ya sa Magaji sayen sabon sondi, tunda yana motsi lafiyarsa lau.

Yaya gyaɗa ta yi bana a wajenku? Ana ta ruwa a nan, garejinmu har yoyo yake. Ka ba ni labari.

Rufaida

*

Yamai, tsakiyar damina

Kawu,

Ina gaishe ka, in za ka amsa.

Duk zuwan Lurwanu sai na je tasha, sai ya buɗe mini hannu ya ce babu. Jiya na tsare shi na ce ya gaya mini gaskiya, ko ba ka da lafiya ne. Ya ce, "Lafiyarsa lau, Rufaida. Na gan shi zaune a rumfa ya ba titi baya. Na yi masa oda, na yi sallama har sau nawa, ko juyowa bai yi ba. Ni dai na ajiye masa takarda a kan benci na wuce." Ya ce wata rana ma rumfar a rufe yake tarar da ita da rana tsaka. Ya ce mutanen gari suna cewa ka daina zama majalisa.

Kawu, in laifi na yi ka faɗa mini. Na yi tunani har na gaji. Ko don ban zo ba da Sallah? Na gaya maka maigidan garejinmu ne ya hana hutu. Ko don na aiko da na'ura kamar ina koya maka aiki? Wallahi ban nufi haka ba. Duk abin da hannuna ya iya a wurinka ya koya.

A garin nan ba ni da kowa sai Sharifu, shi ma aikinsa na tafiye-tafiye ne. A gareji ni kaɗai ce mace, in an tashi cin abinci gefe nake komawa. Da na ga rubutunka ran nan na ɗauka na sami wanda zan riƙa hira da shi.

Ko ba za ka ce mini komai ba, ka gaya mini yadda motar ta ƙare.

Rufaida

*

Gazawa

Ɗiyata Rufaida,

Na ga takardunki duka biyu. Ina gaishe ki, ina gaida Sharifu, ki ba shi haƙuri. Jikina lafiya. Gero ya yi kyau, gyaɗa ma ba laifi.

Na yi abin da kika ce. Na ciro enjekta, ban ga mai ɗiga ba, amma na wanke su na mayar. Na ɗan yi mamaki, don buji fari fat suke, ba baƙi ba, kuma hayaƙin ba ya warin esansi. Ban rubuta maki ba don zuciyata ba ta yi mini daɗi a lokacin. Na ce wa Magaji ya je ya gwada.

Ran kasuwar Gidan Rumji ya kwaso mutane zai dawo. Sun ɗan bar gari ya rage gudu saboda rami, ta mutu, ta ƙi tashi. Rana ta kusa faɗuwa. Wasu makiyaya ne da ke komawa ruga suka taimaka aka tura ta har cikin gari, aka kwana can. Washegari ya zo rumfa ya tsaya a kaina. Ya ce, "Mata ne a motar, Mumuni! Da goyo! Ka san hanyar nan, ka san abin da ake yi a cikinta in duhu ya shiga!" Gaskiyarsa ce. Ya kai ta Maraɗi, suka sa masa sabon sondi, ta dawo tana rawarta. Yanzu tana ajiye a ƙofar gidansa, ba ya fita aiki.

Faɗan nan da Magaji ya yi mini, shi ne magana ta farko da na ji sosai tun bazara, don da ihu ya yi ta.

Ba wayar ce ta lalace ba, Rufaida. Kunnuwana ne. Na dama ya daɗe yana ja baya. Da na yi zazzaɓi lokacin zafi sai na hagu ya bi shi. Abin da nake ji yanzu sai wani kuka kamar na gyare, dare da rana. Kiran salla ba na ji, sai in ga mutane sun nufi masallaci in bi su. A sahu ina satar kallon na kusa da ni in san an yi ruku'u. Majalisa na daina zuwa, don na gaji da yin dariya in na ga an yi dariya. Lurwanu bai yi ƙarya ba, ki ce ya yafe ni. Mota kuwa sai in tsaya a gabanta, murfi a buɗe, ina ganin bel yana juyawa, shiru kamar a mafarki. Ban gaya wa kowa ba. Bakaniken da ba ya ji, wa zai kawo masa mota?

Sai ga takardarki kina cewa kunnena ba zai yi mini aiki ba, in haƙura. Na karanta layin nan ban san sau nawa ba. Na ce ashe har Yamai an sani, kuma haka ɗiyata za ta faɗa mini shi, a tsakiyar maganar mota. Wa ya gaya maki? Ina so in san ko duk gari ne suka gane suna kallona.

Na'urarki tana nan, zan ba Lurwanu ya mayar maki. Kafin Magaji ya ɗauke motar na sake sa ta, ba abin da ya sake. Ashirin da ukun nan tana nan, da ɗan giciyenta a gaba kamar kullum.

Kawunki,
Mumuni

*

Yamai

Kawu,

A tasha na karanta, a tsaye, na yi kuka har mai sayar da ruwa ta tambaye ni wa ya rasu.

Ba wanda ya gaya mini. Na rantse da Allah ban sani ba sai yau. Motocin nake nufi, cewa ciwonsu ba kullum yake fitowa a sauti ba. Da na sani da hannuna bai rubuta wannan layin ba. Kuma na yi ta ce maka ka kira ni, ka kira ni. Ka yafe mini, Kawu. Ban ji kowa ya ce ba ka ji ba. Abin da Lurwanu ya ji ana faɗa shi ne ka canza tun rasuwar Inna Tani.

Kada ka mayar da na'urar. Layin ƙarshe na takardarka ya tayar mini da hankali. Giciye ka ce? Giciyen nan alamar ƙari ce. Ni kuwa da na ga ɗan layin da ka ja tsakanin LT da lamba na ɗauka alamar ragi ce, ashe raba su kawai ka yi. Laifina ne, ban gaya maka alamar tana da muhimmanci ba, kuma ban tambaye ka kalar buji ba. Na tura ka neman esansin da ya yi yawa, alhali ƙwaƙwalwa ƙara shi take yi. Abin da ya faru a hanyar Gidan Rumji daga karatuna ne, ka gaya wa Magaji haka.

Ƙarin ashirin da uku tana tsaye, biyar in an taka: iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Wani tiyo ya tsage, ko wani gasket mai toshe mahaɗa ya saki. Tana tsaye iskar da take sha kaɗan ce, shi ya sa ta ɓarakar take rinjaya. In an taka totur sai ta ɓace cikin mai yawa.

Irin wannan ɓaraka tana da ɗan huci. Na san ka fi ni sanin haka, kuma na san abin da za ka ji in ka karanta. Amma ana kama ta da ido. Ga gwangwanin feshi nan na wanke inji. Ka tayar da mota, ka sa na'ura a layin ST, ka ajiye ta inda kake gani. Ka riƙa fesa kaɗan kaɗan a jikin kowane tiyo da kowace mahaɗa, kana jira. In ka zo kan ɓarakar inji zai zuƙe feshin a madadin iska, sondi zai ji, lambar za ta faɗi ƙasa nan take har ta koma ragi. Ka nisanci bututun hayaƙi don yana kama wuta, ka ajiye bokitin yashi kusa.

Sai maganar kunne. Na yi tambaya, akwai lokotoron kunne a nan. Ban ce zai dawo da shi ba, amma a duba. In an yi girbi ka hau motar Lurwanu, akwai ɗaki.

Ka je wurin Magaji, Kawu. Ka gaya masa.

Ɗiyarka,
Rufaida

*

Gazawa, gero ya fara nuna

Ɗiyata Rufaida,

Ina gaishe ku da kyau. Ba abin yafewa tsakanina da ke, amma na yafe, ke ma ki yafe mini.

Takardarki ta kwana biyu a aljihuna kafin in iya zuwa. Na tarar da motar ƙarƙashin dalbejiya, kaji sun mayar da ƙarƙashinta gida. Magaji ya fito ya tsaya bai ba ni hannu ba. Bakinsa ya motsa. Na ce, "Magaji, ban ji abin da ka ce ba. Ba na ji. Tun bazara ba na ji." Sai ya matso ya sa baki a kunnena na hagu ya ce da ƙarfi, "Mi ya hana ka faɗa? Mu muna can muna cewa girman kai ne!" Ya shiga gida ya fito da tabarma da makulli.

Sai da aka tura ta ta tashi. Na ɗora na'ura a kan gilashi na fara fesawa. Babban tiyo na gaba, ba komai. Wajen enjekta, ba komai. Gwangwanin ya fara sauƙi a hannuna, Magaji yana tsaye yana kallo. Sai na zura hannu ta bayan inji, wajen wani tiyo da ke tafiya ga tukunyar birki, na fesa ta ƙasa. Lambar ta faɗo daga ƙari ta koma ragin goma sha takwas. Ɗaya hannuna yana kan mota, na ji rawar ta tsaya na ɗan lokaci sannan ta dawo. Na sake fesawa, ta sake faɗuwa.

Da na ciro tiyon na lanƙwasa shi, ga tsaga ta ƙasa, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Kafin in cire na nuna wa Magaji wurin, ya kara kunne, sai ya ɗago ya yi mini ihu, "Ai wannan tsiii ɗin kullum ina jin ta! Na ɗauka haka motar take!" Ya yi dariya. Ni ban iya ba. Da bara ne, Rufaida, da tun daga bakin titi na ji ta.

Na sa sabon tiyo. Ya ce sai na shiga mun je Agiye tare. Na zauna gaba, na'ura a cinyata. Ina kallo LT tana sauka a hankali, kafin mu dawo ta tsaya a ƙarin uku. A tashar Agiye ya ɗage ƙafa ya sa ni na ɗora tafin hannu a kan sitiyari. Ko motsi. Ya koma aiki, ya je Gidan Rumji ya dawo lafiya. Na gaya masa abin da kika ce, ya ce a gaishe ki, wai ke ma ki riƙa buɗe ido.

Magaji ba ya riƙe magana, yanzu duk Gazawa an sani. Kowa ihu yake yi mini. Mai shayi ihu, liman ihu, har matar da ke kawo mini fura sai ta cika kunci kafin ta gaishe ni. Na san alheri suke nufi. Amma da ihu ba a hira, gaisuwa ce kawai da tambayar farashin gyaran babur. In aka zauna aka fara labari sai kowa ya koma muryarsa, ni kuma in koma kallon baki. Wani mai mota ɗaya ya zo daga Agiye ya ce in sa masa na'ura. Ban san ko wasu za su biyo shi ba.

Maganar lokotoro na ji. In an kai gero rumbu zan zo, in Allah ya so. Ban sa rai da yawa ba, ke ma kada ki sa.

Kafin nan ina da roƙo. Ki ci gaba da ba Lurwanu takarda ko da babu maganar mota, kuma ki cika ta har baya. Ki gaya mini abin da kuka dafa, da wanda ya yi faɗa da wa a gareji, da abin da Sharifu ya faɗa ya ba ki dariya. Ki rubuta ko lokacin cin abincin nan ne da kike komawa gefe. A takardarki ne kaɗai ake yi mini magana a hankali in ji.

Kawunki,
Mumuni